Ranar da Aka Wanke Gwanyin

Da sunan Wanda ya tsirar da itace, ya sa masa ƙamshi, ya kuma ba gara haƙoran cin sa. Ku matso kusa, da wanda ya san nauyin gizago da wanda bai taɓa ɗaga shi ba. Ni ne Korau ɗan Nomau, masassaƙin Gangaren Faru, wanda ya je ƙasar Sin da ƙafarsa, ya dawo hannu babu komai, wuya kuwa a miƙe. Abin da zan faɗa da idona na gan shi. Wanda bai yarda ba, hanya tana nan, ba wanda ya naɗe ta.

Gara ce ta kore ni daga garinmu. Na sassaƙa turmi ta ci, na sassaƙa kujera ta ci. Na yi wa masallacin unguwarmu ƙyaure wanda har daga ƙauyuka ake zuwa kallo, kafin a je ko'ina ta mai da shi gari. Sauran masassaƙa suka ce in daina ɓacin rai, in gara ba ta ci ba wa zai dawo ya sayi sabo? Ni ban iya irin wannan haƙurin ba. Ana nan sai wani falke ya sauka a zaurenmu, ya ciro ɓallin itace daga jakarsa ya ce in sansana. Ƙamshin ya doki hancina har ƙwalla ta kawo. Ya ce sunansa kafur, a ƙasar Sin yake fita, kuma gara ba ta raɓar sa. Don in ƙaryata shi na tusa ɓallin cikin suri. Da na koma dubawa sai na tarar gara ta kwashe 'ya'yanta ta bar masa gidan. Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba, sai da na rataya gizago a kafaɗa na fuskanci gabas.

Ba zan gajiyar da ku da yashi da duwatsu ba. Gari na farko da ya cancanci a faɗa shi ne Birnin Ajiye-Suna, wanda yake a bakin teku, kuma babu hanyar shiga jirgi sai ta cikinsa. A ƙofar birnin akwai wani ƙaton mai gadi da tulu a gabansa. Duk baƙon da ya zo sai ya sunkuya ya faɗi sunansa a cikin tulun, a toshe. Na tsaya gefe ina kallon masu shiga. Mutum zai zo da ƙarfinsa yana zancen matarsa da gonarsa, yana faɗin sunan sai ka ga ya yi tsuru-tsuru, ya manta inda ya fito da inda za shi, a miƙa masa tsintsiya ya kama sharar titi.

Da layi ya zo kaina mai gadin ya ce, "Kai dogo, sunanka."

Na ce, "In ban bayar ba fa?"

Ya ce, "Sai ka koma inda ka fito."

Na leƙa cikin tulun na ce, "Gizago." Ya toshe, ya yi mini nuni in wuce. Na ratsa birnin da hankalina garau. Amma da na shiga jirgi na ciro gizagon don in gyara wa matuƙi wani katako, sai na ga ya manta aikinsa sarai. In na sara dama ya nufi hagu, in na nufi katako ya nemi ƙafata. Duk tsawon tafiyar teku ina koya masa sassaƙa kamar sabon yaron shago, matuƙa suna dariya, ina zaginsa da zagin garinmu ko zai tuna.

Jirgin ya sauke mu a wani gaɓa inda kurmin gora ya tare gabas gaba ɗaya. Gorar wannan kurmi tana da girman kai. In mutum ya shiga a tsaye sai ta ranƙwafo ta sarƙe gabansa, in ya yi rarrafe sai ta ɗaga ta ba shi hanya. Abokan tafiyata duk suka zube suka kama rarrafe da kayansu a baya, har da wani attajiri mai tumbi. Ni na ce tun da na bar rarrafe a tsakar gidan uwata ban ga dalilin komawa ba saboda kara. Na sa gizago, wanda a lokacin ya fara dawowa hayyacinsa, ina sara ina wucewa, gora tana tsula mini bulala ta baya. Na fita a tsaye, amma ba a daɗi ba. Jikina duk ya farfashe, zazzaɓi ya rufe ni, na faɗi a bakin wani kogi da ruwansa yake fari kamar madara.

Da na farfaɗo sai na gan ni kwance a wani ɗan ɗakin katako, wata tsohuwa 'yar firit tana ɗura mini romo da cokalin tangaran. Sunanta Suhwan, amma kowa a unguwar Apo yake ce mata, wato kaka, ni ma na bi sahu. Sana'arta awara, kuma in gaya muku gaskiya tata ta fi tamu laushi. Garin sunansa Hanlu, kogin kuma Farin Kogi. A gidanta na warke, a gidanta na koyi harshensu, yawanci ta hanyar faɗa, don Apo ba ta iya magana a hankali ba. Sunana ya gagari bakinta, sai ta mai da ni Kolau.

A kusurwar ɗakin akwai wata kanta, a kanta wani baƙin abu mai tsawon kamu ɗaya. Ranar da na fara miƙewa na ɗauka guntun itace ne da wuta ta ci ta bari, na cire hulata na ɗora masa. Ban ankara ba na ji ludayi a ƙeyata.

"Wannan Gwanyin ce," in ji Apo, "mai jin kukan duk wanda ya yi kuka. Ita ka mayar maratayin hula?"

Na matsa na duba da kyau. Ashe siffar mace ce a zaune kan furen bado, ƙafa ɗaya a ɗage, hannu ɗaya riƙe da ɗan tulu. Kunkunniya ta lulluɓe ta har fuskar ba ta ganuwa, sai dai ka ce ga inda hanci yake. Na kanga hancina kusa, a ƙarƙashin warin hayaƙi na ji ƙamshin da ya raba ni da gida. Da kafur aka sassaƙa ta, kuma duk tsufanta babu hudar ƙwaro ko ɗaya.

Apo ta ce, "Tunda ka tashi, sunkuya ka gode mata. Ita na roƙa maka."

Na ce, "Apo, ke zan gode wa, ke kika dafa romon. Goshina mai shi ɗaya ne, kuma ba ya son tarayya."

Ta dube ni sama da ƙasa. Na zaci kora ce za ta biyo baya. Sai ta ce, "Ita ba ta taɓa roƙon kowa ya sunkuya ba, ni ce mai roƙo. Riƙe goshinka. Amma hular nan in ta sake hawa kanta, da kai da hular zan jefa a kogi."

Haka muka zauna. In na shimfiɗa buzuna ina salla sai ta daina niƙa har in idar. In ta kunna turaren tsinke da safe tana magana da Gwanyin sai in fita in ba su wuri. Na ce magana, don ba roƙo kaɗai take yi ba, har tsegumin maƙwabta take kai mata. Wata rana na ce mata ai ya kamata a goge abin nan, ya yi baƙi da yawa. Ta ajiye abin da take yi ta ce, "Kolau, ba datti ba ne. Na saman nan hayaƙina ne. Na ƙarƙashinsa na uwata ne, ta kunna lokacin da nake ciwon agana. Na ƙasa da shi na kakata ne, shekarar da mijinta ya tafi kamun kifi bai dawo ba. Mata bakwai muka kunna mata turare, uwa ta miƙa wa 'ya. In na mutu 'yata da ke aure a ƙetaren kogi za ta ɗauka ta ɗora nata." Ban sake zancen gogewa ba.

To, a saman tudun da kogin ya gangaro akwai fadar Sarki Hwanlo, mutumin da ya mallaki komai ban da kwanciyar rai, don tsoron mutuwa ya hana shi sakat. Masu dubansa suka ce masa kunkunniyar da ke jikin Gwanyin ta gidajen talakawa shekarun mutane ne suka daskare. In aka kankare ta aka dafa masa a shayi, aka kuma ƙona itacen a ƙarƙashin tukunyar, shekarun za su koma jikinsa. Amma suka gargaɗe shi, duk wadda aka ƙona bai sha baƙinta ba za ta yanke masa kwana. Saboda haka sababbi farare ba ruwansa da su, tsofaffi baƙaƙe yake farauta. Ya naɗa wani siririn bafade mai suna Kwomin ya riƙa bi gida gida da dogarai. Duk sanda aka ji sun shigo unguwa, Apo sai ta tura Gwanyin cikin buhun wake ta zauna a kai tana tari.

Rannan suka faɗo mana ba shiri. Ta samu ta ɓoye, amma Kwomin ba wawa ba ne. Ya tsaya gaban kantar da ba komai a kanta, ya dubi bangon da hayaƙi ya yi wa baƙi ya bar inuwar mace a zaune fara tas a tsakiya. Ya juyo ya dube ni, ya dubi gizagona, ya ce sarki yana son ganin baƙon masassaƙi.

Kafin a kai ni gaban sarki sai da aka ratsa da ni ta wani rumbu. A nan na ga abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Gwanyin ne jibge kamar itacen girki, manya da ƙanana, an kankare su da wuƙa, wata ba hanci, wata an yanke mata yatsu, wata an fafe mata kumatu. Ni Musulmi ne, babu abin bautata a cikinsu. Amma ni masassaƙi ne, na san yawan zaman da mutum yake yi kafin ya fitar da yatsa ɗaya daga itace, na kuma san kowace ɗaya daga kantar wata tsohuwa aka fizgo ta.

A zauren sarki kowa ya zube ya buga goshi da ƙasa. Kwomin ya ja rigata. Ni kuwa na tsuguna yadda ake yi a garinmu, na dunƙule hannu na ɗaga sama na yi jinjina. Ashe su a wurinsu wanda ya ɗaga wa sarki dunƙulallen hannu naushi yake nufi. Kafin in sauke hannun dogarai sun danne ni, takobi a wuyana. Da na ga abin ya zo da haka sai na faɗi abin da kowane Bahaushe zai faɗa, na juya shi cikin harshensu kalma da kalma, na ce, "Ranka ya daɗe!"

Sarki ya ɗaga yatsa, aka janye takobin. Wani ƙanƙanen tsoho ne a cikin tulin alharini, haƙoransa da leɓɓansa baƙi ƙirin saboda shayin kunkunniya. Ya ranƙwafo ya ce, "Ta yaya?"

Na ce, "Ta yaya me?"

"Ka ce raina zai daɗe. Ta yaya? Me ka zo da shi?"

Na ce, "Gaisuwa ce kawai. A ƙasarmu kowane mai sarauta haka ake ce masa, kuma duk suna mutuwa."

Bai yarda ba. Mai tsoro ba ya jin ƙarshen magana, farkonta kawai yake kamawa. Ya ce ƙasar da ake gaisuwa da tsawon rai dole tana da sirri. Ya tambaye ni ko mu ma muna shan magani daga jikin itace. Ni ba na ƙarya ko a gaban takobi, na ce muna rubuta sunayen Allah da tawada a kan allo, mu wanke da ruwa mu sha don neman sauƙi, amma wannan daban kunkunniya daban, kuma ban taɓa ganin wanda ya sha ya gagari kabari ba.

"Da ruwa," in ji sarki, idonsa yana ƙyalli. "Ba da wuƙa ba. Waɗannan jakunan suna haɗo mini da itace, shayin ya yi ɗaci, rabin baƙin ya zube a ƙasa." Ya juya ga Kwomin, Kwomin ya raɗa masa wani abu. Sarki ya yi murmushi da baƙin bakinsa ya ce, "An ce a gidan da ka sauka akwai wadda ta fi kowace baƙi a ƙasata. Gobe in kasuwa ta cika Kwomin zai zo da tasar zinariya. Kai za ka wanke ta da hannunka. In ka yi, zan cika maka jirgi da itacen kafur, in haɗa maka da dashe a tukwane, ka je ka shuka a garinku."

Ba zan ɓoye muku ba, kwaɗayi ya kama ni. Abin da na ratsa duniya dominsa ke nan aka ajiye a gabana. Na hango ƙyauren masallacinmu sabo, gara tana zagaye shi tana cizon yatsa. Sai kuma na hango rumbun da na ratso. Na ce, "Wanki dai ko? Zan wanke ta, ba na saɓa magana." Aka sake ni.

Na tarar da Apo tana juya dutsen niƙa. Na zayyana mata komai ban rage ba. Ba ta daina niƙan ba sai da na kai ƙarshe.

"Bakinka ya fi ƙafarka tsawo," ta ce. "Da ka buga goshin nan naka mai tsada ka yi shiru, da yanzu ana can ana neman Gwanyin a buhun shinkafa."

"Da ya same ta ko ba ni, Apo. Ya ga bango."

"Na sani. Bar ni in yi faɗana."

Na ce in ɗauke Gwanyin in gudu da ita ƙetare wurin 'yar Apo. Ta ce duk mashigin kogi akwai dogari, kuma ni ba mutumin da zai ɓuya a cikin taro ba ne, ana hango kaina daga wata unguwa. Sa'an nan na faɗi abin da ke raina tun daga fada. Na ce, "Baƙin yake so, ba ita ba. In babu baƙin, tsoron taɓa ta zai yi. Na ce masa zan wanke, ban ce masa a tasarsa ba."

Ta miƙe tsaye, duk tsayinta bai wuce ƙirjina ba. "Hayaƙin uwata kake cewa in zubar? Abin da ya rage mini nata ke nan. Ko kabarinta ruwa ya cinye."

Na ce, "Gobe ko kin yarda ko ba ki yarda ba zai bar jikin itacen nan. Abin da ya rage ki zaɓa shi ne inda zai tafi, cikin kogi ko cikin tsohon can."

Ta juya ta koma kan niƙanta.

Da gari ya waye na same ta durƙushe gaban kanta da wasu 'yan itatuwa biyu masu kama da ɓarin goro, waɗanda suke jefawa in suna son jin ra'ayin Gwanyin. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an yarda ke nan. Ta yi tambayarta ta jefa, duka suka kife. Ta tsuke baki ta sake jefawa, suka sake kifewa. Sai ta matsa kusa da kunnen Gwanyin ta ce, "Hayaƙi ya toshe miki kunne, ba ki ji tambayar da kyau ba. Ƙona ki za su yi." Ta jefa, ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta ce, "Ɗauko ƙwarya, Kolau."

Ba ta naɗe ta a zane ba, ba ta bi lungu ba. Ta rungume ta a ƙirji ta bi ta tsakiyar kasuwa, ina biye da tulun ruwan awara mai ɗumi da ɗan ƙunshin toka da tsumma mai laushi. Masu kifi suka bar kifi, masu shayi suka bar shayi. Mutanen da suka daɗe suna ɓoye tasu a cikin rufi da rijiya suka ga tsohuwa tana tafe da tata a fili da rana tsaka, sai suka biyo mu ba wanda ya kira su.

A matakalar kogi na zauna na ɗora ta a cinyata. Na wanke ta yadda malaminmu ya koya mini wanke allo ina yaro, da tafin hannu ba da farce ba, ruwa kaɗan kaɗan, kana bin jijiyar itace, kana tare abin da ya gangaro a ƙwarya kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Baƙin sama ya fita da sauƙi. Na ƙasa ya yi tauri kamar ƙaro, sai da na jiƙa na jira. Apo tana tsugune kusa da ni tana kiran sunayen matan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sallamar baƙi. Can sai ja ya ɓullo a gefen riga, sai ruwan zinariya a cikin ninkin mayafi. Na bar fuskar sai ƙarshe. Da na shafa tsumma na ɗauke, sai ga ido a runtse rabi, ga ɗan jan baki, gefensa a ɗage.

Apo ta kai hannu ta taɓa kumatun. Hawaye suna zuba ta ce, "Ashe murmushi take yi. Tun ina yarinya nake zaton fushi take da mu."

Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ruwan ya yi baƙi, ya yi kauri. Ta kurɓa sau ɗaya ta yamutsa fuska, ta ce uwarta ma haka take da ɗaci. Sa'an nan ta shiga ruwa har gwiwa ta tuntsurar da sauran, kogi ya ɗauka ya yi ƙasa da shi, ya bar fada a baya.

Ban san wadda ta fara ba. Na dai ɗaga kai na ga mata suna ɓullowa ta kowane lungu, wata da tata a cikin kwandon kabeji, wata ta goyo ta kamar jariri, wata da laka a jiki don yanzu ta tono ta. Suka cika matakala suna cewa in nuna musu yadda ake yi. Ina bi ina cewa da tafin hannu, ban da farce, ban da yashi. Wasu suna kuka, wasu suna dariya, wata tana yi wa tata tsiya wai ashe ƙiba gare ta. Kafin kasuwa ta gama cika Farin Kogi ya zama baƙi daga wannan gaɓa zuwa wancan.

A haka Kwomin ya iso da dogarai da tasar zinariya a kan matashi. Ya tsaya a saman matakala bakinsa a buɗe. Ya daka wa bayinsa tsawa suka faɗa ruwa da tasar suna kamfata, amma kogi ba ya jiran kowa, abin da suka ɗebo bai fi ruwan wankin tukunya ba. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ka yi wa sarki alkawari."

Na miƙe tsaye na ce, "Na ce zan wanke, ga ta nan tas. Duba ko na bar wani wuri."

Ya ce a kama ni. Dogarai suka sauko, sai matan suka taso suka tsaya tsakanina da su, kowace da jiƙaƙƙiyar Gwanyin a ƙirji. Babu dogarin da ya yarda ya ture mace ta faɗi da abin da sarki da kansa yake tsoron a lalata, balle wasunsu sun hango iyayensu mata a cikin taron. Suka tsaya suna kallon ƙafafunsu. Wani mai kwalekwalen gishiri ya matso bakin matakala ya yi mini alama da kai. Na san kafur ya wuce ni ke nan har abada, na kuma ji zafin haka, amma ko da za a maimaita ranar ba zan canja komai ba.

Na ce, "Apo, zan tafi."

Ta ce, "Tafi, dogon banza. Ka ci abinci a hanya." Ta kama hannuna ta matse da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta sake.

Ina cikin kwalekwale, bai riga ya bar gaɓa ba, na ga ta zaunar da Gwanyin a kan matakala, tana sheƙi cikin rana. Ta zaro turaren tsinke ɗaya daga gashin kanta, ta karɓi wuta wurin mai gasa kifi, ta kafa shi a tsagar dutse. Siririn hayaƙi ya tashi ya shafi sabuwar fuskar. Kwomin ya sauko kusa da ita, duk girman kan ya zube, don shi zai koma fada da tasa ba komai. Ya ce, "Apo, me zan gaya wa sarki?"

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Ka ce masa na fara tara masa wani. Ya dawo bayan mata bakwai. In maganinsa yana aiki, ai zai kai."

Mai gishiri ya dafa gora ya tura, ruwa ya ja mu. Iyakar abin da na gani ke nan a Hanlu, kuma iyakar abin da zan faɗa. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi.